BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: SIRRIN TARBAR BAƘI CIKIN KWANCIYAR HANKALI

  

Yau maganar baƙi za mu yi. Akwai wata magana guda wadda da zarar an faɗe ta a gida sai ki ga cikin mace ya ɗuri ruwa, wato a ce mata "gobe muna da baƙi." Ko dangin saurayi za su zo gaisuwar iyaye, ko 'yan kawo lefe, ko uwar miji ce za ta zo ganin ɗaki, ko kuwa Sallah ce ta ƙarato. Daga nan fa sai hankali ya tashi. A tashi tun da asuba, a aiki yaro kasuwa sau uku, a je a bi layin injin markaɗe, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika gida. Baƙi su yi sallama ita ko wanka ba ta yi ba, ga ido jajur, ga zani duk manja. Ƙila abincin ya yi daɗi, amma ba ta zauna da kowa ba, gaisuwar ma a tsaye aka yi ta. Baƙi su tafi suna cewa, "Yarinyar ta iya girki, sai dai ba ta da sakin fuska." Kin ga an yi ba a yi ba ke nan, domin Bahaushe ya riga ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Na san a littattafan soyayya kukan karanta cewa jaruma ta shiga kicin, kafin minti goma ta fito da abinci kala bakwai, tana ƙamshi, ko gumi babu a goshinta. To ni da nake rubuta labari bari in gaya muku, alƙalami ba ya jin zafin wuta, shi ya sa. A gidan gaskiya, macen da za ki gani ta tarbi baƙi tana murmushi, ta zauna ana hira da ita, aikinta ba yau ta fara shi ba. Ta fara tun mako guda da ya wuce.

GARURUWAN DA BA SA RABO DA BAƘI

Ni tsakanin Gwandu da Kalgo na tashi, kuma duk garuruwan biyu ba sa rabo da baƙo. Gwandu gari ne na tarihi, nan kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, ƙanen Shehu Usmanu, don haka masu ziyara ba sa yankewa, ga 'yan uwa daga Kambaza da Dalijan da suke biyowa in sun shigo gari. Kalgo kuwa tana dab da Birnin Kebbi, wadda ta zama babban birni tun da aka cire jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, sai baƙin Kalgo suka ƙaru: ga iyayen da suka kawo 'ya'yansu, ga ɗaliban da akan ce musu "in kin je ki nemi gidan gwaggonki."

Sannan Allah ya yi mana arzikin cimaka. Ga shinkafar fadama, wadda har ta sa a 2016 jihar Legas ta haɗa gwiwa da Kebbi aka riƙa kai musu ita. Ga albasar Aliero, ga kifin Yawuri da na Argungu, ga gero da dawa da gyaɗa, ga nono da man shanu a wajen Fulaninmu. Abin da ya rage mana kawai shi ne tsari.

Kuma wannan tsari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku dubi kayan gara. Me ya sa kakanninmu suka zaɓi nakiya da alkaki da dubulan su zama abin da amarya za ta tafi da shi? Don suna daɗewa ba su lalace ba, amarya ta sami abin fita kunyar masu zuwa ganin ɗaki alhali ba ta fara girki ba. Ku dubi naman layya da ake soyawa ƙarau a adana, ku dubi kilishi, da daddawa, da garin kuka, da busasshiyar kuɓewa, da kauɗar tumatir. Duk dabara ɗaya ce: a yi wahalar yau, a huta gobe. Kakata a Gwandu ba ta taɓa mallakar firji ba, amma ban taɓa ganin baƙo ya fita ɗakinta bakinsa a bushe ba. In ta ga muna rawar jiki ranar taro sai ta ce, "Ku ɗiyan nan, ba a fafe gora ranar tafiya."

MAKO GUDA KAFIN RANAR

Fara da takarda da biro. Rubuta mutum nawa ake sa rai, sannan ki ƙara rabin adadin, domin in an ce mutum 10 za su zo, ki shirya wa 15, kin san mu ba ma tafiya babu ɗan rakiya. A gidanmu mudun shinkafa ɗaya kan ishi kimanin mutum 10 in akwai abin haɗawa. Zaɓi babban abinci guda ɗaya, da abin taɓawa biyu, da abin sha ɗaya. Kala biyu masu kyau sun fi kala shida da aka yi a gurguje. Sai ki yi cefanen busassun kaya gaba ɗaya a rana guda, kin huta da aike, kuma sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi.

A wannan makon ne za ki yi duk abin da babu ruwa a jikinsa. Ki riƙe wannan ƙa'ida: ruwa shi ne abokin lalacewa. Abin da aka soya ya bushe, ko aka daka ya zama gari, ko suga ya ratsa shi, shi ne mai jira.

Na farko yaji. Ki daka ƙuli-ƙuli da busasshen barkono, citta, kanumfari, masoro, gishiri da Maggi, ki tankaɗe ki zuba a kwalba mai murfi. Ki duba gyaɗar da aka yi ƙulin da ita ko wadda za ki soya, duk wadda ta yi hunhuna ko take ɗaci ki zubar, domin hunhunar gyaɗa tana da dafin da ke cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe shi.

Na biyu cincin. Fulawa gwangwanin madara 8, suga gwangwani 2, bota babban cokali 4, ƙwai 2, bekin foda ƙaramin cokali 1, ɗan gishiri, sai madara ta kwaɓi. Kwaɓin ya yi tauri, ki murza, ki yanka ƙanana, ki soya a wuta madaidaiciya. In wuta ta yi yawa bayansa zai yi ja cikinsa ɗanye, irin wannan ne ke yin laushi bayan kwana biyu. Ki baza shi a tire ya huce sarai kafin ki rufe. In kika rufe da ɗumi zai yi gumi, gumin nan kuwa ruwa ne.

Na uku dambun nama, sarkin fita kunya. Ki sami jan nama marar kitse kamar kilo 2, ki tafasa da albasa, citta, tafarnuwa da gishiri har ya yi laushi ruwan ya tsotse. Ki daka a turmi ya warware, ki zuba yajinki, sannan ki soya da mai kaɗan a wuta ƙasa-ƙasa, kina juyawa babu ƙaƙƙautawa har sai kin ji yana ƙara a kasko, ya yi wara-wara. Gajen haƙuri a nan shi ke sa dambu ya yi wari. In ya bushe da kyau, ya huce, aka rufe shi a kwalla, kuma ba a sa masa jiƙaƙƙen hannu ko cokali, zai yi makonni lafiya lau. Wadda nama ya yi wa tsada, kaza ko kifi ma suna yi.

Dubulan da alkaki su ma a wannan makon ake yin su, don sun fi daɗi in suga ya kwana a jikinsu. In ba ki iya ba kada ki ji kunya, ki ɗauki kujera ki zauna kusa da Inna ko Gwaggo, irin wannan a hannu ake koyonsa.

SAURA KWANA BIYU

Yanzu sai ki tsince shinkafa ki fitar da tsakuwa, ki rufe. Ki tankaɗe garin tuwo da na kuka, ki daka daddawa. Ki gyara bandar kifi, ki cire ƙaya, ki shanya ya sha iska. Ki tanadi itace ko gawayi, ki duba gas, ki cika randa. Ki fito da kuloli da farantai da kofuna ki wanke, ki ƙirga cokula, in aro za ki yi ki yi shi yau. Ki wanke tabarmi da labule, ki goge kayan da za ki sa. Wallahi rabin tashin hankalin ranar baƙi ba girki ba ne, neman murfin kula ne da wuƙar da ta ɓata.

JAJIBIRI

Ranar jajibiri ita ce ranar markaɗe. Ki kai tumatir, tattasai, attarugu da albasa inji da yamma lokacin da babu layi. Kada ki bar ɗanyen markaɗe ya kwana, zai yi tsami ya yi kumfa. Ki ɗora shi a wuta ya tafasa har ruwan ya ƙone, sannan ki soya da mai har sai man ya taso sama. Wannan soyayyen kayan miya shi ne uwar girki: da shi za ki yi miyar dage-dage, da shi za ki yi dafa-duka, da shi za ki tayar da miyar taushe. Ki soya naman miya shi ma ƙarau. Mai firji ta bari su sha iska kaɗan ta saka. Marar firji ta tafasa su sosai da dare, kada a ƙara taɓawa, da asuba a sake tafasawa har su yi zafi ciki da waje. In lokacin zafi ne kuma babu sanyi, gara ki tsaya a kan busassun kaya, ki yi miyar da safe.

Ƙullun masa ma na jajibiri ne. Ki jiƙa shinkafar tuwo gwangwani 6, ki dafa gwangwani 1 daban ya yi laushi, ki haɗa a markaɗo, ki sa yis ki rufe. Da sanyin hunturu yakan kwana kafin ya tashi, amma da bazara awa kaɗan ya ishe shi, don haka ki jinkirta haɗawa har dare ya yi, ko ki bari sai asuba. In ya yi tsami ki sa ɗan ruwan kanwa. Suya kuwa sai ranar, masa da ɗuminta ake sonta.

Zoɓo ki dafa shi da citta da kanumfari, ki tace ki ajiye a wuri mai sanyi, amma kada ki sa suga sai ranar sha, suga ke sa shi saurin juyawa. Kunun aya kuwa ba ya kwana, ko wuni ba ya yi in babu ƙanƙara. Fura za ki iya shirya garinta tun da wuri, damu da nono sai baƙi sun kusa.

ABIN DA BA YA JIRA

Ga inda nake son ku buɗe kunne da kyau. Dafaffiyar shinkafa ba ta kwana a waje.

Wata shekara cikin watan Afrilu aka kawo lefen yayar wata ƙawata a Kalgo. Don a rage aiki sai matan gidan suka dafa dafa-duka babbar tukunya tun dare, suka rufe ta ruf da zafinta. Da hantsi gwaggon amarya ta zo ta buɗe, ta sa hannu ta murza, sai ga yauƙi. Wata ta ce, "Gwaggo a ɗumama mana, ai wuta na kashe komai." Gwaggo ta ce, "A'a ɗiyata, wannan ba ta shiga cikin baƙona. Gara a ce mun yi rowa da a ce mun kwantar da dangin ango." Aka yi asarar mudu biyar, uwar amarya har da hawaye. Abin da ya fitar da su kunya shi ne kwallar dambun nama da cincin da dubulan da aka yi tun makon baya. Aka jera wa baƙi suna taɓawa ana buɗe akwatuna ana guɗa, kafin a gama ƙirga atamfofi sabuwar shinkafa ta nuna, tun da soyayyen kayan miya na nan a firjin maƙwabta. Har suka tafi ba su san abin da ya faru ba.

Gwaggo ba ta yi boko ba, amma abin da ta faɗa shi masana suke faɗa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a jikin ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta gamawa da ita. In shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ƙwayar ta hayayyafa ta zubar da dafi, kuma ɗumame ba ya karya wannan dafin. Wani lokaci ma babu wari babu yauƙi, sai dai amai da gudawa su biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa 2: ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko a cikin sanyi ƙasa da digiri 5. To ku tuna a ƙasarmu daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. A 2015 hukumar ta ƙiyasta cewa kowace shekara mutum miliyan 600 ke kwanciya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suke rasa rai, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar su suka fi jin jiki. Baƙuwarki kuwa da goyonta take zuwa.

Don haka shinkafa, taliya, wake, alale, kwaɗon zogale, haɗin latas da ƙwai, duk na ranar ne. Kula kuma ba firji ba ce, aikinta ta riƙe zafi na 'yan awoyi, don haka ki zuba abinci yana tururi daga tukunya, kada ki zuba da safe ki ce sai dare. Mai firji ma ta kula: in an ɗauke wuta a daina buɗe shi kowane lokaci, kuma naman da ya narke ya daɗe kada a mayar da shi ya sake ƙanƙara, a dafa shi.

Sai maganar ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci. Duk abin da kika tanada ki sa shi a mazubi mai murfi ƙam, ki ɗora a sama. Shanya ma kada ta kwana a waje. Kuma don Allah kada a zuba wa wake ko busasshen kifi fiya-fiya da sunan adanawa, wannan guba ce.

RANAR BAƘI

In kin bi tsarin nan, dubi abin da ya rage miki. Da asuba ki ɗumama miya da nama, ki yi shara, ki sa turaren wuta. Da hantsi ki soya masa, ki sa wa zoɓo suga. Saura awa ɗaya ki ɗora shinkafa ko tuwo. Tana kan wuta ki shiga wanka, ki shirya tsaf. Da sun yi sallama ki tare su tun daga zaure da "lale marhabin, sannunku da hanya," ki durƙusa ki gaida manya, ki fara kawo ruwa mai sanyi, sannan abin taɓawa. Kada ki jibge musu komai lokaci ɗaya, a bari su huta, su yi salla in lokaci ya yi, sannan babban abinci ya fito. Ki ware ɗan cincin da dambu a leda tun jiya, don tsarabar yaran da aka bari a gida. Wannan 'yar ledar ana daɗewa ana tuna ta.

Kuma ki raba aiki. Ƙanwa ta riƙe wanke-wanke, ƙane ya riƙe ruwa da aike, ke ki riƙe tukunya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

BAƘON BA-ZATA

Shi fa wanda bai aiko ba? Ga maganinsa: ki ware kwalla ɗaya ki sa mata suna kwallar baƙo. A ciki a sami cincin, soyayyiyar gyaɗa, dabino, ɗan dambun nama, ganyen shayi da suga. A gefe kuma garin ɗanwake haɗaɗɗe da kukarsa, da kwalbar yaji, da man gyaɗa. Ɗanwake bai wuce minti 20 ba ya sauka, a yanka masa albasa da tumatir, wa zai raina? Busasshen zogale ma in aka jiƙa aka tafasa, aka haɗa da garin ƙuli, nan da nan kwaɗo ya samu. Sharaɗin kwallar guda ne: duk abin da aka ɗiba a mayar da madadinsa, kuma a ɓoye ta daga idon ƙannen nan masu dogon hannu.

Kada wata ta ce ai wannan sai masu kuɗi. Mai ƙaramin ƙarfi ita ta fi kowa buƙatar tsari, domin cefanen gaggawa shi ke kai mace ga cin bashi. Ki sayi tumatir da kuɓewa lokacin da suka yi araha ki yanka ki busar, ki sayi albasa lokacin kakarta. Baƙon kirki ba ya ƙirga nama a miya, tsabta yake gani da fara'a.

Ƙannena 'yan makaranta, ga aikin gida na ba ku. Wannan hutun kowace ta koyi abu ɗaya mai daɗewa, ko yaji, ko cincin, ko dambun nama, ta yi shi da hannunta tun daga farko har ƙarshe. Sannan ran da aka ce za a yi baƙi a gidanku, ki je wajen Inna tun saura mako ki ce, "Inna, me za mu fara yi tun yau?" Ki sa ido ki ga yadda fuskarta za ta yi.

Allah ya ba mu baƙin alheri, ya hore mana abin tarbarsu, ya sa albarka a hannuwanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, ku huta lafiya.